Na sallama motar Baba, Inna tana zaton fenti za a kai ta

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ka taimaka ka cire sunana kafin ka saka, don rabin 'yan Brik suna cikin grup ɗin nan, ko da yake duk wanda ya san gidanmu zai gane ni tun ban yi nisa ba. Shawara na zo roƙo don Allah, ba zagi ba, zagin na riga na yi wa kaina ya ishe ni.

Ni budurwa ce, a nan Briketeri, wato Brik, unguwarmu ta cikin Yawunde, aka haife ni, karatuna ya tsaya a lise, wato sakandare, yanzu atamfa da mayafai nake sayarwa ta waya. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, yana da wata tsohuwar mota ƙirar 404, wadda a nan muke ce wa kat-san-kat, fara, irin wadda yanzu sai a hoto. Da ita ya yi shekaru yana kai fataken shanu kasuwar Etudi yana dawo da su, kuma a cikinta aka ɗauko Innarmu ranar da aka kawo ta gidan nan. Da idonsa ya fara rauni sai ya shigar da ita tsakar gida ya ɗora ta kan bulo, ya ce in ya samu sarari zai gyara. Sararin bai zo ba. Kun san gidajen Brik, duk inda aka ga taku biyu na fili sai an yi shago. Babbar ƙofar da motar ta bi ta shigo aka toshe, aka mai da wurin shagon ɗinkin Yayana. Abin da ya rage mana wata 'yar ƙofa ce da ko babur sai an karkata shi kafin ya wuce. Motar ta zama 'yar gida, Inna tana shanya barkono da kuɓewa a kanta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi.

Ranar rabon gado Baffanmu ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta su fitar, a huta. Ni ba a tambaye ni ba, amma bakina ba ya jiran a tambaye shi. Na miƙe a gaban malamin da ke rabon da su Baffa na ce duk wanda zai yanka motar nan sai ya fara da ni, a sa ta cikin rabona, ni zan gyara ta in tuƙa Inna a ciki. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in kin gyara ta ina za ki fitar da ita, ko fiffike za ki sa mata? Na ce masa ranar da ta tashi da hannunka za ka fasa bangon. Sai da mutane suka watse Inna ta kira ni ɗakinta, ta kwance makullin motar daga bakin zaninta, ashe tun rasuwar Baba a jikinta yake, ta sa mini a hannu ta ce duk cikin 'ya'yan nan ke kika ɗauko zuciyar ubanki.

Wallahi na yi ƙoƙari da farko. Na samo wani tsohon bakanike a unguwar Madagaskar, Papa muke ce masa, a tsakar gida yake aikin tun da ba ta fita. A baro aka fitar da injin. Duk abin da aka nema sai Papa ya ce babu a Yawunde sai Duwala, a Duwala a ce sai Najeriya, in ya iso kuma ba ya shiga. In an gyara nan, can ya lalace. Ruwan garin nan ya cinye ƙasanta, in ka zauna a gaba kana ganin kaji ta ƙarƙashin ƙafarka. Sau ɗaya ta taɓa tashi, ta yi tari ta cika gidan da hayaƙi, matan haya suka fito suna guɗa, kafin su rufe baki ta mutu, ba ta sake ba. Papa ya fara ɓacewa, in na kira ya ce ma fille, wato 'yata, sai haƙuri. Masu suyan bakin layinmu suka sa mini suna Hajiya Kat-san-kat, in zan wuce su ce direba a rage mana hanya mana. Ribar atamfata duk tana tafiya cikin ramin nan, damina biyu ke nan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ciwo ne ya same ni ba, ba wata masifa ce ta tilasta ni ba. Gajiya na yi. Na wayi gari ko kallon motar ba na son yi.

Sai wani dillali ya kawo mini wani Alhaji na unguwar Ekudu mai tara irin waɗannan motocin, yana gyarawa yana ba da haya ga masu biki. Na zaɓi ranar da Inna ta tafi suna wata unguwa na shigo da su. Alhajin ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce yana so, amma a kan ƙafafunta yake son ganinta a bakin titi, yadda za a fitar kuma matsalata ce. A gaban dillali da mutum biyu da suka rako shi na ce na sallama, ya ce na saya, Allah ya sa albarka. Na karɓi abans, wato kafin alƙalami, na riga na zuba shi a sarin kayan sallah. Ku da kuka tashi gidan 'yan kasuwa kun san nauyin kalmar nan. Baba ya sha yin asara don kawai ya riga ya ce na sallama.

To ga inda na ɓata komai. Bakina da ba ya tsoron su Baffa ya kasa gaya wa Inna. Sai na ce mata garaji za a kai motar a yi aikin ƙarfe da fenti, shi ne ya rage. Na yi zaton za ta ce a bari sai bayan sallah, in samu lokacin yin dabara. Ina! A take ta aika aka kira Yaya ta ce ya kwashe kekunansa za a fasa bango. Ya yi ta faɗa, ya ce yanzu ne lokacin ɗinki, kayan mutane sun cika shago, wa zai biya shi kwanakin da zai zauna, ta ce masa ƙofar ubanka ce kafin ta zama shagonka. Ya fita yana huci, na ce a raina shi ke nan shi zai hana, na tsira.

Washegari sai ga shi ya same ni ina shanya. Bai iya irin wannan magana ba, sai sosa ƙeya yake. Ya ce ƙanwata, ranar nan na yi miki dariya a gaban mutane, ki yafe ni, ban zaci za ki kai nan ba. Ya ce ya yi magana da magini, Asabar za su zo, kuma kamar yadda kika faɗa ni zan fara ɗaga guduma. Na juya na shanya jiƙaƙƙen zanin da ke hannuna.

Na koma wurin dillalin na ce a fasa. Ya ce shi bai taɓa jin 'yar gidan wane ta janye sallama ba, in na yi haka kowa a kasuwa sai ya ji, kuma abans ɗin a yau zai karɓa. Alhajin ya aiko cewa in bangon ne matsala ba komai, zai turo yaransa su yanka ta su fitar ta ƙaramar ƙofa, ko kayan jikinta sun ishe shi. Wato abin da na rantse a gaban dangi ba za a yi ba, shi za a yi a gaban Inna, da hannuna.

Yanzu haka Yaya ya fara kwashe kaya zuwa ɗakin abokinsa. Inna ta kwashe barkononta, ta sa an wanke motar da sabulu wai kada masu garaji su raina mu. Ta ba Yaya leshin da ta daɗe tana ɓoyo ya ɗinka mata na ranar dawowa. Jiya muna tsintar shinkafa ta ce in gaya musu fara za a mayar da ita yadda take, kada a yi mata wani launi. Ta ce ranar da za ki tuƙa ni a baya zan zauna, ta hagu, inda aka zaunar da ni ranar aurena, ranar an lulluɓe ni ban ga hanya ba, wannan karon zan buɗe ido in gani. Na ce to Inna. Haka kawai na ce.

'Yan uwa, in na yi shiru za a rushe shagon Yaya a kan ƙaryata, motar ta fita ba ta dawowa, Inna ta yi ta zama da leshinta tana tambaya yaushe za a gama fenti. In na janye, sunan Baba ne zai shiga bakin 'yan kasuwa, motar kuma ta koma kan bulo, don ni na san ba zan iya ƙarasa ta ba. Kada wani ya ce mini in daure in ci gaba, na gwada. Abin da nake tambaya shi ne, wa zan fara gaya wa, Yaya ko Inna? Kuma da wane baki? Iyaye mata na cikin grup ɗin nan, ku gaya mini gaskiya, in 'yarki ce ta dawo miki da makullin nan, wace magana za ta fara yi da za ki iya saurara? Yau Alhamis, magini yana zuwa jibi.