Ɗari da Sha Huɗu, In Ji Sa'adiya

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Mutane da yawa suna zaton ƙarfin inji a girmansa yake, a faɗaɗa shi a ƙara masa mai, shi ke nan. Da wannan nake buɗe aji kowace shekara. Sai na bari yara sun gama gyaɗa kai, in ce musu a'a, ƙarfin inji a numfashinsa yake. Tof ɗin silinda shi ne hancinsa da bakinsa. Kamshaf kuwa shi ke ba bawul umarni, buɗe yanzu, rufe yanzu. Su biyun nan suka kawo ni Guangzhou.

Wani attajiri, Alhaji Tankari, ya ba sashenmu na koyar da injin mota tsohon injin Amurka mai silinda takwas, lita bakwai da ɗigo huɗu, tare da bulowa, na'urar da ke zama a kansa tana cusa masa iska da ƙarfi. 'Yan ajin ƙarshe ne za su haɗa shi a matsayin aikin kammalawa. Alhaji ya ce ni zan zo in zaɓi kayan da kaina, wai Malam Abdulhakeem ba ya kuskuren lamba. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Issa ya tarbe ni. Ɗan zangon Kumasi ne, sa'ana, shekara goma sha shida yana loda wa mutane kwantena a nan. Tica yake kirana.

Talata, 5 ga Nuwamba

Yini guda a kasuwar kayan mota. Kalma ɗaya na koya, meyo, wato babu. Duk shagon da muka nuna hoton injin sai lawban, wato mai shago, ya kaɗa hannu, meyo, meyo. Issa ya ce, "Tica, wannan injin kakanka ya bar maka ne? Nan mutane motar batir suke yi."

Da la'asar wani ya rubuta mana adireshin wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, wai suna yi wa Amurkawa irin waɗannan kaya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mai masana'antar tsoho ne, Lawban Liang, gajere, da tabarau a goshi. Ya zuba mana shayi a ƙananan kofuna, na miƙa masa takardata. Tof mai ƙaramin kwarmi, wato inda mai ke kama wuta, nake so, si-si ɗari, don matsi ya yi yawa. Kamshaf kuma mai digiri ɗari da shida tsakanin tozon shigar iska da tozon fitar hayaƙi, don bawul biyun su daɗe a buɗe tare, hayaƙi mai fita ya jawo sabuwar iska. Haka nake koyarwa.

Ya karanta, ya sauko da tabarau, ya yi tambaya biyu ta bakin Issa. Da bulowa a kai? Na ce e. Wane fetur? Na ce na gidan mai, irin wanda kowa ke sha a Kano. Ya ajiye takardar a hankali. Issa ya ce, "Lawban ya ce zai sayar maka in ka matsa, amma ba zai sa sunansa a kwali ba."

Sai na miƙe na yi masa lacca. Minti goma, da zane a bayan takarda. Issa ya fassara duka da jimla biyu, ban san me ya ce ba.

Tsohon bai yi musu ba. Ya ja ni cikin wurin aiki, inda suke da rabin inji da aka yanka don nuni, da irin kamshaf ɗin da na nema a ciki. Ya sa tiyon iska a ƙofar shiga, ya kama hannuna ya ɗora a ƙofar fitar hayaƙi, ya ce in juya injin da ƙarfe. Na kasa juyawa da hannu ɗaya, shi ya juya. Da fistin ya kusa sama sai na ji iska tana dukan tafina. Ya ci gaba da juyawa, ba ta daina ba. Ta daɗe.

Injin da ke zuƙar iska da kansa, wannan buɗewar taimako ce gare shi. Wanda ake cusa wa iska kuwa, ka buɗe masa ƙofar gaba da ta baya ne, iska da mai su wuce ta salansa ba su yi aikin komai ba. Ƙaramin kwarmin kuma, ga matsin fistin ga na bulowa, fetur ɗinmu zai kama da wuta tun kafin fulogi ya ba shi izini. Lawban ya dunƙule hannu ya buɗe, ya ce wani abu. Wannan ban nemi fassara ba.

Ya rubuta a jikin kwali: kwarmi ɗari da ashirin, kamshaf ɗari da sha huɗu, ƙofar hayaƙi mai faɗi.

Na taɓa ganin waɗannan lambobin. Da rubutun hannu, shuɗin biro.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ban fita ba. Na ce wa Issa cikina ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Masallacin Huaisheng. Na haɗu da 'yan kasuwar Kwari biyu, suka yi ta Malam, Malam, ɗaya ma ya ce ƙaninsa ɗalibina ne. Na matsu a shafa fatiha in tafi.

Bari in rubuta shi yadda yake, tunda ba mai karantawa.

Sa'adiya Ghali. Ita kaɗai ce mace a cikin su arba'in da biyu. Mahaifinta makaniken manyan motoci ne a Ƙofar Ruwa, a garejinsa ta tashi. Tambaya ta huɗu a jarrabawar watan jiya, maki ashirin, ita ce wane tof da wane kamshaf za ka zaɓa wa injin aikinmu, kuma me ya sa. Arba'in da ɗaya suka maido mini da abin da na ba su. Ita ta rubuta ɗari da sha huɗu da babban kwarmi, ta ce injin da ake hura wa iska ba ya son a bar masa ƙofa biyu a buɗe.

Maki biyu na ba ta. Na rubuta da jan biro, "Wannan ilimin gareji ne." Bai ishe ni ba, da na dawo da takardu don su duba, na karanta amsarta a gaban aji, da muryar da nake sa su dariya. Suka yi dariyar. Na ce mata, cikin raha wai, ta gaida Baba ta ce masa littafi ma yana da amfani. Ta ninke takardar ta maido mini da hannu biyu.

Jimillarta talatin da takwas, a arba'in ake ci. Idan kwamitin jarrabawa ya zauna ranar Alhamis mai zuwa ya sa hannu, za ta maimaita shekara, kuma ba ta cikin masu haɗa injin.

Ni da nake cewa ina son yarana. Kuma ina son su, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kwashe safiya ina karatu a waya, ina neman wanda zai goyi bayana ko da mutum ɗaya. Ban samu ba. Littafin da nake koyarwa da shi ma bai yi ƙarya ba, babin na injin da ba bulowa ne. Ni ne na ɗauki hular wani na sa wa wani, shekara da shekaru. Rabona da in riƙe sifana tun ina bautar ƙasa.

Issa ya kawo mini wake da shinkafa daga wajen wata 'yar garinsu. Na gaya masa duka. Ya ce, "To yarinyar ya fi ka sani, miye a ciki? Ɗana ya fi ni Sinanci, ban mutu ba." Hausarsu ba mace ba namiji. Na ce ba haka abin yake a makaranta ba. Ya ce, "Ci abinci, Tica."

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ƙarfe huɗu na yamma a nan, tara na safe a gida. Na kira Dakta Zayyad, shugaban sashe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, abu mai sauƙi. Ka ce an yi kuskuren tara maki, a ƙara mata biyu ta kai arba'in. Ta wuce, kai ma ka wuce. Wa zai sani?"

Na ce in amsarta daidai ce, goma sha takwas ta ci a tambayar, hamsin da huɗu ke nan.

Ya ce to wannan ba gyaran lissafi ba ne, sai na rubuto wasiƙa cewa jagoran makina ne ba daidai ba, kuma a gaban kwamiti za a karanta ta. "Ka tuna mutum uku a teburin nan kai ka koyar da su. Sauran arba'in da ɗayan kuma fa?"

Na ce zan yi tunani. Da na ajiye wayar, sauƙi na ji. Maki biyu kawai. Har na fara tsara yadda zan faɗa mata, cewa na duba na tausaya.

Tausayi. Kamar ita ta yi laifin.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mun koma wajen Lawban Liang. Ya fito da tof mai babban kwarmi, na aluminiyam, na duba na karɓa ba gardama. Kamshaf ne ya ajiye mini guda biyu, duka ɗari da sha huɗu, ɗaya yana riƙe bawul a buɗe fiye da ɗaya. Ya ce in zaɓa. Na tsaya ina kallon katunan lambobinsu kamar ɗan aji ɗaya. Zan iya yin lissafin, amma na daina yarda da kaina.

Na fita bakin ƙofa na nemi lambar Sa'adiya a wajen shugaban aji.

Ta ɗauka, ana buga ƙarfe a bayanta. "Malam, ina kwana. An sauka lafiya?" Muryar a ɗaure. Na ji wani dattijo yana cewa wane ne, ta ce Malam ne, bugun ƙarfen ya tsaya.

Ban iya fara da abin da ya kamata ba. Na karanta mata lambobin katunan biyu. Ta ce, "A titi za a tuƙa motar ko a fili kawai?" Na ce Alhaji yana son ya shiga gari da ita. Ta ce, "To gajeren, Malam. Dogon sai inji ya yi sama sosai yake daɗi, a cunkoso zai yi ta mutuwa. Amma a duba na hayaƙin ya fi na shigar daɗewa, ko da digiri goma." Na duba. Goma cif.

Na ce, Sa'adiya, amsarki ta lamba huɗu daidai ce.

Ta ce, "Na sani, Malam." Ba da rashin kunya ba. Kamar an tambaye ta ƙarfe nawa.

Na ce ta ba ni Baba. Na gaishe shi, ya amsa da mutunci, ya tambaye ni sanyin ƙasar. Na ce masa na aiko masa da wani saƙo kwanaki wanda bai dace ba. Ya ce, "Ai ba ta kawo ba, Malam." Ban san ko gaskiya ne ba, ko rufa mini asiri ya yi.

Na koma ciki na nuna gajeren. Lawban ya ɗaga babban yatsa yana kallona. Na ce wa Issa ya gaya masa ba ni na zaɓa ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na rubuta wasiƙar. Sau huɗu. Ta farko shafi biyu ce, cike da "bisa sababbin bayanai", kamar bulowa jiya aka ƙirƙiro ta. Ta ƙarshe layi shida. Jagoran makin da na tsara kuskure ne. Amsar ɗaliba mai lamba kaza ita ce daidai, makinta hamsin da huɗu. Kada a taɓa makin sauran, abin da na koya musu suka rubuta. Zan sake koyar da babin.

Na aika kafin azahar, don kada in ci abinci in canza ra'ayi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Sun amince. Dakta Zayyad ya ce an yi tsit da aka karanta, sai wani ya yi tari. Bai faɗi ko wane ne ba, ban tambaya ba. Zan san shi ranar da na shiga ɗakin malamai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kaya sun tafi tashar jirgin ruwa ta Nansha jiya, Issa ya ce sai farkon sabuwar shekara su isa. Sunan Lawban Liang yana jikin kwalin.

Mun biya ta kasuwar Baima in sayi tsarabar gida. A wani shago na ga obarol na makanikai, shuɗi, mai kauri, na ɗauki ɗaya. Issa ya ce na wa. Na ce na wani ne. Ya ɗaga shi ya auna a jikina, ya ce, "Wannan wanin, tumbinku ɗaya." Araha ne kawai, shi ya sa.

Alhaji Tankari ya kira yana tambaya ko na samu abin da na rubuta. Na ce na samu wanda ya fi shi, in na dawo zan gaya masa wanda ya zaɓa.

Na tura wa 'yan aji saƙo a zaurensu na waya. Na goge "'ya'yana" na sake rubutawa, na bar shi. Ga abin da na ce:

"'Ya'yana, abin da na koya muku a kan tambaya ta huɗu ba daidai ba ne, na Sa'adiya ne daidai, kuma dariyar da na sa ku yi ni ya kamata a yi wa. Amma kada wanda ya karɓi ɗari da sha huɗu don ni na faɗa, ko don ita ta faɗa. Ranar da kaya suka iso kowa ya zo da rigar aiki. Za mu ɗora kamshaf, kowa ya juya injin da hannunsa, ya auna inda bawul ya buɗe da inda ya rufe, ya rubuta abin da ya gani. In ya saɓa wa nawa, ya ɗaga hannu."