Zaman Gaban Dada

Yalwawa, Dutse
4 ga Maris, 2002

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau.

Na'urar jin maganar da ka aiko wa mahaifiyarka Dada ta iso, mun je Kano an daidaita mata. Tana ji, har ya yi yawa. Kukan awaki, injin markaɗe, dakan maƙwabta, duk tare suke shigar mata. Kafin ta tsinto maganar mutum a ciki sai ta haɗe gira, ta yi gumi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Jiya daga gidan suna ta dawo da ciwon kai, ta kwanta tun la'asar.

Likitar ta nuna mini wani ɗan maɓalli mai rage hayaniya, ta ce idan sauti ya dame ta in murɗa. Gobe zan gwada.

Taka,
Mu'minatu

19 ga Maris

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, raina a jagule yake.

Na murɗa maɓallin, hayaniya ta kwanta, Dada ta yi murna kwana biyu. Amma yanzu ni ce matsalar. Idan na durƙusa a gefenta na gaishe ta, sai ta karkato kai tana ta lalube, in maimaita sau uku, daga ƙarshe ta ce to kawai ta rufe ido. Jiya ta ce ta gaji, magana da ni ta fi mata noma wahala, kuma ta san ta zame mini kaya. Ta ɗaure kayanta, wai ran Juma'a za ta koma Ringim. Ka san gidan can ba kowa sai ƙadangaru.

Shekara tara ban taɓa ɗaga mata murya ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Wallahi ba na son ta tafi. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Mu'minatu

23 ga Maris

Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cin abinci a kan lokaci. Ka zauna tukuna, don za ka yi dariya.

Ran Laraba Fanna dillaliya ta shigo da atamfofi. Ka san ta, ba a raba kunya da ita ba. Ta baje a tabarma gaba da gaba da Dada, gwiwa na taɓa gwiwa, ta zuba surutu awa biyu cur. Ina leƙe daga madafa. Dada ta jingina da bango, goshinta sumul, tana ta ƙyaƙyata dariya, ba ta ce a maimaita ko sau ɗaya ba.

Nan na tuna sauran bayanin likitar, wanda na manta tun a motar Kano: idan an murɗa maɓallin, abin da ke gabanta kawai yake ɗaukowa sosai, na gefe da na baya danne su yake. Ni kuwa kullum a gefe nake, kai a ƙasa, murya ciki-ciki. Ashe tare da awaki yake danne ni.

Ran Alhamis da safe na ɗauki koko, na zauna daidai gabanta, na ɗaga kai na ce ina kwana. Ta amsa nan take. Muka yi hira har kokon ya huce, ba ciwon kai, ba rufe ido. Da kanta ta kwance kayan.

Sai dai ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in rubuto maka ƙorafi. Wai shekara tara ka ajiye mata suruka mai wushirya, ba ka taɓa gaya mata ba.

Tana gaishe ka. A aiko da batir.

Taka har kullum,
Mu'minatu