Kunyar Ɗan Fari da Bakin Zayyanu

Kafanchan,
9 ga Satumba.

Zuwa ga maƙwabciyata ta arziki, Malama Emilia,

Ki yi haƙuri na dame ki da takarda, alhali na san jinyar Mama a Kujama ta ishe ki. Ya jikin nata? Allah Ya ƙara sauƙi. Ya Baban Joanna da yara? Mu nan sai hamdala.

Godiya zan yi, ita kuwa waya ba ta barin mutum ya yi ta a tsanake.

Kin tuna jikana Zayyanu, ɗan farin Khairat, da ya kai shekara biyu da rabi bakinsa bai buɗe ba? Na yi masa rubutu, na yi tofi, an duba kunnensa a asibiti aka ce lafiya lau. Ke ce kika zauna a tsakar gidanmu kika lura uwarsa ba ta kallon idonsa, ba ta kiran sunansa, in ya yi gwaranci sai ta kau da kai. Ni na koya mata haka. Kunyar ɗan fari ce, yadda aka yi mini.

Kika ce binciken da kuke koyarwa a kwaleji ya nuna jariri da amsawa yake koyon magana: ya yi sauti, a mayar masa, ya sake. Har an gwada, uwa ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, jaririn ya rikice da kuka. Ba ki ce wannan kaɗai ne dalili ba, amma kin ce, "Maman Khairat, ƙwaƙwalwa ba ta ƙoshi da kunu kaɗai." Ranar na ji haushinki ƙwarai. Ki yafe ni.

Na koma littattafaina na duba, ban ga inda addini ya hana uwa hira da ɗanta ba. Al'ada ce. Na kira Khairat na ce kuskuren nawa ne. Da farko sai ta saki labule take yi masa magana, tana gaya masa sunan albasa da ludayi. A hankali bakinsa ya buɗe, amma kiran sunansa dai ya gagare ta.

Jiya muka kai shi gwajin shiga nazare. Ya nuna ja da kore, ya faɗi sunan akuya da keke. Sai malamar ta tambaye shi sunansa. Ya ce, "Yaron nan." Aka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Khairat ta durƙusa a gabana da gaban mutane, ta riƙe hannunsa ta ce, "Sunanka Zayyanu." Ya dube ta ya maimaita. An ɗauke shi, Litinin zai fara.

Allah Ya saka miki da alheri. Abu ɗaya ya rage mini a rai: maganarsa har yanzu gajera ce a kan ta sa'o'insa. Abin da muka hana shi a baya, zai iya ramawa? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi, kuma don Allah ki amsa da wuri.

Taki,
Ruƙayyatu, Maman Khairat