Tabaran da Ya San Jikata

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki.

Tabaran da kika aiko ya iso, Allah ya yi miki albarka. In na shiga kanti na dubi gwangwani, sai rubutu ya fito a gefen idona: wannan madara ce, wannan kwanansa ya ƙare. In na dubi mutum, sai ya rubuta ko wane ne. Ashe karatun da na yi a makarantar dare da furfurata zai yi mini rana!

Ga babban albishir: yayanki ya yarda in riƙa fita da ɗiyarsa, amaryata mai wawulo. Da ya hana, wai ina ɓatan hanya. Yanzu kibiyar da ke fitowa a gilashin ke kai mu har ƙofar gida. Tana riƙe da rigata tana tsokanata, wai angonta ya zama mai ido huɗu.

Ki huta lafiya,
Mahaifinki.

Auta,

Ina gaishe ki, ya aiki? Mu nan lafiya lau.

Bari in ba ki dariya. Shekaranjiya a kanti gumi ya rufe gilashin, na cire ina gogewa. Sai na ga wata yarinya ta riƙe mini riga. Na ce wa mai kanti a nemi iyayenta. Ya tsaya yana kallona, bai yi dariya ba. Da na mayar da tabaran, rubutu ya fito: jikarka. Ita kuwa har muka iso gida ba ta sake ce mini ango ba.

Kada ki faɗa wa yayanki, sai ya sake zaunar da ni a ɗaki. Ai na yi maganin abin. Da yakan karɓi tabaran da yamma ya jona masa wata igiyar lantarki, yanzu ba na bayarwa, ko barci da shi nake yi. Jiya ma tabaran ne ya gaya mini matar da ke hoton bango mahaifiyarki ce. Kyakkyawa ce, Allah ya jiƙanta.

Gobe zan kai amaryata babbar kasuwa, tsallaken titin manyan motoci, in saya mata takalmi mu shirya. Mu biyu kawai. Murna ta hana ni zama.

Af, tun safe wani ɗan jan zane ke ƙyaftawa a kusurwar gilashin. Da abin damuwa ne, ai da sun rubuta.

Naki mai farin ciki,
Mahaifinki.