Uwar Mai Lamba Tara

Kankara, ranar Talata.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Hajiya Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya gwiwar nan taki, ta bar ki kina hawa bene? Mu nan lafiya lau sai godiya. Malam Nata'ala yana gona ana ta yankan dawa, bana Allah ya rufa asiri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka datse layin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, wayata ta zama fitilar neman allura. Da na ji Barau direba zai kai masara Legas, sai na yago takarda a littafin awon ɗinkina. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun muna firamare a Faskari.

Yaya, labarin 'yar taki ya cika gari. Rediyo ta ce ƙungiyarsu ta je gasar zakarun ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na mata ta Afirka, sun ci wasan farko biyu da ɗaya, kuma mai lamba tara ce ta jefa ta biyun. Da mai labarin ya kama sunan garau ya ce 'yar asalin Kankara ce, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, na tashi na shige madafa kamar akwai abin da ke ƙonewa. Malam kuwa wai shi farashin taki yake jira a faɗa, amma na ga hannunsa yana ƙara murya. Inna, uwar Malam, ita ce kawai ta saki guɗa. Ita kaka ce, kuma takwararta ce, wa zai hana ta? Ta yini tana faɗa wa maƙwabta wai ita ma da ƙuruciya babu mai kamo ta a guje.

Ke kin san yadda nake da yarinyar nan. 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata ta ci, kunya biyu ke nan a kaina. Tun da kika ɗauke ta bayan yaye ban taɓa kiran sunanta ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Amma Allah ya sani, ranar da suka yi wasa na biyu aka tashi kunnen doki, sai da na ɗinke wa wata amarya hannun riga a wuya.

Jiya wani yaron gidan rediyo ya zo daga Katsina da na'urarsa, wai yana neman iyayen 'yar wasa. Inna ta tafi Mairuwa ta'aziyya, Malam yana gona, sai ni da matan da suka kawo ɗinki. Ya yi sallama, ya miƙo mini abin nan daidai baki, ya tambaye ni ko ni ce mahaifiyar wance. Matan suka fashe da dariya suna jiran su ga yadda zan yi. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce da shi, "Ni? Ban san wata mai wannan suna ba. Ni ba ni da ɗiya mai buga ƙwallo, ka tambayi Legas." Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ya yi godiya ya tafi, ko ruwan da na ba shi bai shanye ba.

Kafin a datse layi kin ce ta yi alkawarin da zarar an gama gasar nan za ta zo ta yi mana kwana biyu. Shekarun da ta yi ba ta taka Kankara ba sun yi yawa. Na sa an shafe ɗakin baya, na ce wa mutane don ajiyar wake ne. Ki gaishe ta idan kun yi waya, ki ce Inna ce ke gaisuwa.

Ki gaida Alhaji da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Hajaratu

Kankara, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso hannuna, na karanta, na sake karantawa, sannan na kasa cin abinci.

Kafin ta iso ma na riga na ji da kunnena. An sa maganata a shirin wasanni. Yaya, rediyo ba ta nuna mayafi. Ba ta nuna cewa fuskata a rufe take, dariyar matan kuma ba ta fito ba. Abin da ya fito kawai muryar wata mata ce, busasshiya, tana cewa ba ta san ta ba, ba ta da ɗiya mai buga ƙwallo. Ni kaina da na ji sai da na tsani matar. Ban ɗora wa yaron laifi ba, abin da bakina ya faɗa shi ya ɗauka. Ga shi kin ce an yaɗa a waya, an fassara da Turanci, har abokan wasanta sun gani suna ba ta haƙuri.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne abin da kika ce ta faɗa miki. Wai ta san al'adar, ba sai an koya mata ba. Wai tun tana ƙarama idan kun zo Sallah takan tsaya bakin ƙofar ɗakina ko zan kira ta, sai in aiki ƙanenta ya ba ta nama. Wai ta ɗauka ranar da duniya ta tambaye ni, ranar kam zan amsa. Yaya, ina ganinta a bakin ƙofar nan. Ta gefen labule nake kallonta har ta gaji ta tafi. Na ɗauka ta sani.

Ranar Juma'a mun je suna Sabuwa, gidan ƙanwar Malam. Da na san abin da ke jirana da na ce zazzaɓi nake yi. Ina shiga wata Hajiya mai haƙorin Makka ta kama hannuna a tsakiyar mata, ta ce ta ji ni a rediyo, Allah ya yi mini albarka. Ta ce haka ake son uwa, ɗiya mace ta sa gajeren wando tana tsalle gaban duniya, ai gara a yafe ta kowa ya ji. Wasu suka ce ƙwarai kuwa. Aka matsa mini wuri a kan darduma, aka zubo mini naman da ya fi na kowa. Ina zaune ana yaba mini a kan na yar da 'yar da na haifa, kuma na kasa cewa ba haka nake nufi ba, don in na buɗe baki sai na ce tawa ce. Na cinye naman nan, Yaya. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin kunyar da aka koya mana ba ce.

Muna dawowa muka tarar da sakamakon wasan kusa da na ƙarshe. An tashi babu ci, aka je bugun fenariti, aka fitar da su. Mai lamba tara ce ta buga ta ƙarshe, ƙwallon ta bi ta saman raga. Malam ya kashe rediyon ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Kada ki ce mini kowane ɗan wasa yana zubarwa. Yarinyar da kika ce ta kwana tana kuka ba ta ci komai ba, da wace ƙafa za ta buga?

Kin ce ta fasa zuwa, daga can Legas za ta wuce. Ba ni da bakin cewa ta yi laifi. Ɗakin baya yana nan a share, har yanzu ban bari an zuba waken ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Hajaratu

Kankara, ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yaran duka. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san kin riga ni jin cewa sun ci wasan neman na uku ɗaya da nema, an rataya musu lambar tagulla, kuma ita ce ta ci da ka. Na san kin ji abin da ta faɗa da ɗan jarida ya tambaye ta wa ta sadaukar wa ƙwallon. Ta ce wata mata ce a Kankara wadda ba ta san ta ba. Mai labarin ya yi dariya. Ni ban sani ba ko zolaya ce ko kuka ne, ke da kika raine ta ke za ki gane muryar. Ina kan keken ɗinki, ƙafata ta tsaya cak.

Inna ta dawo daga Mairuwa an kwashe komai an faɗa mata. Ta kira ni ɗakinta, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Hajaru, sunan nan nawa ne ko naki? To na yahe miki shi. Tashi ki tahi inda kika ɓata ki gyara, kar ki raba ni da takwarata." Ba ta tsaya nan ba, ta ɗauki sandarta ta ce da ita za a je. Kin san hanyar Katsina yadda take yanzu, kowa a mota bakinsa da addu'a. Tsohuwar nan ta sha jijjiga, sai goronta take ci.

Da muka isa gidan rediyon, yaron ya gane ni. Da na yi masa bayani sai ya dafe kai, ya ce shi a Kaduna ya tashi, uwarsa da sunansa take kiransa, bai kawo komai a ransa ba. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, aka ajiye mini abin magana. Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Duk hanya ina juya sunan a bakina. Da aka kunna jar fitila na buɗe baki, sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Inna tana zungurina da sanda ta ƙarƙashin tebur. Sunan ya ƙi fita. Abin da na iya faɗa shi ne, "Mai lamba tara ɗiyata ce. Ni na haife ta, da damina, a ɗakin wannan tsohuwa. Ban yar da ita ba, kunya ce. Kowane wasa nata na saurara." Daga nan kuka ya ci ƙarfina, kuma duk sun sa a iska, har jan majinar.

Yanzu gari ya juyo kaina ta ɗaya gefen. Matan da suka yi dariya ranar farko suna cewa Hajaratu ta tsufa ta zubar da kunya, ta je rediyo tana kirarin 'yar fari gaban surukarta. Hajiyar Sabuwa ta aiko a karɓo mata atamfar da ta ba ni ɗinki ranar suna, ko yankawa ban yi ba. Malam ya kasa haɗa ido da ni, sai dai jiya na ga ya kwashe buhunan waken ya kai zaure da kansa, bai kai su ɗakin baya ba. Idan zan fita nakan ja mayafi har hanci. Ina jin kunya, ba zan ɓoye miki ba, amma wannan tana barina in ci abinci.

Yaron ya ce ya sa maganar a waya, ki nema ki tura mata. Ki faɗa mata iyakar abin da na iya ke nan, sunan ya gagare ni, kada ta ɗauka rowa na yi mata.

Ban san ko za ta zo ba. Idan ta ƙi, kada ki matsa mata. Idan kuwa ta yarda, roƙona ɗaya, ki daure da gwiwar nan ki rako ta. Na san halina, Yaya. Ina jin sallamarta a zaure ƙafafuna za su ɗauke ni su kai ni ɗaki in saki labule. Ki riga ta shigowa, ki tsaya a bakin ƙofar ɗakina ki tare ni. Ko na roƙe ki da Allah, kada ki matsa daga ƙofar.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Hajaratu