Ramukan Dara a Gindin Tsamiya

Bici, 17 ga Agusta, 1957

Zuwa ga ƙanena Uwaisu, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hure da yara. Mutanen gida duk lafiya, damuna kuma ta yi albarka.

Zan faɗa maka abin da na gani da idona, ba ƙari. Jiya Juma'a da hantsi na iso ƙauye daga ofishinmu na Kano. 'Yan ƙodagon da kake aiko wa kuɗi sun gama maimai a gandu tun Laraba, babu ciyawa ko ɗaya. Na tarar da Baba a gindin tsamiyar bakin gona, inda kuke dara kowace Juma'a kafin ka tafi. Ruwan sama ya cike ramukan, yana sake tona su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, ya jera tsinkaye a gefensa, ya jera tsakuwa a gefenka. Babu wanda ya zauna gabansa.

Inna Mairo ta ce haka yake yi tun bara. Ta ce da can gajiya ke kwantar da shi, yanzu zama ke tsufar da shi. Da na ambaci sunanka, Baba ya sa maka albarka, ya ce ka raba shi da fartanya, ka saya masa yini sukutum, amma ba ka aiko da wanda zai ci yinin tare da shi ba. Sai ya yi dariya, ya ce in gaya maka ba aikin tashar jiragen ruwa ne ya riƙe ka ba, tsoron a cinye ka ne.

Uwaisu, ban raina ƙoƙarinka ba. Na san shekara huɗu ke nan kana mayar da hutunka aiki don kada Baba ya sunkuya a gona. Ni ma na yi shekaru a jami'a ina koyon yadda ƙasa za ta ƙara amfani, ban taɓa tambayar abin da manomi zai yi da ranarsa in aikin ya ragu ba. Amma dole in gaya maka, idon Baba yana raguwa. Da lalube yake bambanta tsinke da tsakuwa. A ganina, kuma na auna maganar kafin in rubuta, baɗi ba lalle ya ga ramukan ba. Zumunta a ƙafa take. Ina roƙonka, hutun bana ka karɓe shi hutu, ka zo lokacin kaka, ko da mako biyu ne. Abin da zai ragu a aikenka, ni zan cike.

Inna da Kawu Nababa da Lauratu suna gaishe ku. Ka gaida Hure da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Sama'ilu

Gyara ɗaya. Na rubuta cewa babu wanda ya zauna gabansa. Haka ne, har zuwa sakkowa daga masallaci. Bayan nan na zauna, na ɗauki tsakuwarka. Ya cinye ni sau uku, ya ce in tashi, wurin da mai shi.