Wayar Malam a Cikin Tumunina

Yaya Zakariyya'u,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Makera, ya ƙafar Inna? Jamila ta sauka lafiya, ina nan Kanada ina kula da jegonta. Ni ma lafiya lau, barci ne dai bai cika zuwa ba tun rasuwar maigidana Malam.

Mijin Jamila ya nuna mini abin da suke ƙerawa a wurin aikinsu, wani abu mai batir, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Wai ƙarfin nukiliya ne a cikinsa, ba ruwansa da caji. Sai a binne shi cikin simintin gada, ya yi shekara da shekaru yana aiko da saƙo kan lafiyar gadar. Na ce ya sa wa wayar Malam irin batirin, ya ce ƙarfin ba zai kai ba.

Na ji za a raba gado kafin in dawo. Don Allah Yaya, kada a sayar da wayar, a sa ta cikin tumunina. In an kawo wuta ka riƙa jona ta. Muryarsa na ciki. Ba wata doguwar magana ba ce, cewa ya yi in na taso daga kasuwa in biyo masa da rake.

Ƙanwarka,
Ladidi